Idan Igiya ta Tsinke: Dukiya, Muhalli da Ciyarwa a Shari'ar Saki a Jihar Kebbi

A ƙasar Hausa ba a taɓa ɗaura aure babu lissafi. Ana yanke sadaki a gaban shaidu, a ƙirga akwatunan lefe, a san wanda ya sayi gado da wanda ya sayi kujeru, har gara ma akwai masu riƙe da adadin buhunanta a ka. Amma ranar da auren ya mutu, sai lissafin ya ɓace baki ɗaya. Layi biyu a fallen takarda sun isa, wani lokaci ma saƙon waya ne, matar ta kwashi abin da ta iya ɗauka ta nufi gidan iyayenta da yara a gaba da goyo a baya. Wannan maƙala tana magana ne a kan lissafin nan da ake watsarwa: abin da doka ta tanadar wa wadda aka saka da 'ya'yanta a Jihar Kebbi, abin da ke isa hannunsu a zahiri, da abin da nake ganin Majalisar Dokokin Jiha tana da ikon gyarawa amma ta bar shi a kwance.

Sai a fara da sanin wace doka ke hawa kan wane aure, domin a nan ne masu sharhi da yawa ke tuntuɓe. Auren da aka ɗaura a rajista yana ƙarƙashin dokar tarayya ta 1970 mai kula da ƙararrakin aure, kuma Babbar Kotu ce kaɗai ke raba shi. Sashe na 70 na dokar ya ba kotu ikon yanke kuɗin ciyarwa, sashe na 72 kuma ya ba ta ikon daidaita dukiya tsakanin ma'auratan gwargwadon abin da ta ga adalci ne. Sai dai mafi yawan auren da ake ɗaurawa a Birnin Kebbi da Argungu da Gwandu da Jega bai shiga wannan doka ba. Aure ne na Musulunci, kotunan shari'a ne ke sauraron rikicinsa, a ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jiha, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya danƙa wa al'amuran aure da saki da riƙon yara da gado. Akwai kuma auren gargajiya, musamman a ƙasar Zuru, inda al'adar golmo take da nata lissafin, wanda ya cancanci nazari na daban.

Abin lura shi ne abu na 61 a jerin al'amuran da Kundin ya keɓe wa gwamnatin tarayya. Ya ba tarayya ikon yin doka kan ƙulla aure da raba shi, amma ya ware auren Musulunci da na gargajiya a fili. Ma'ana, wannan fage na jihohi ne. 'Yan majalisa 24 da ke zama a Birnin Kebbi ba su buƙatar izinin Abuja kafin su rubuta dokar da za ta fayyace haƙƙin wadda aka saka. A shekarar 2000, lokacin da Kebbi ta bi sahun Zamfara wajen faɗaɗa shari'ar Musulunci, hankali ya tafi ga hukunce-hukuncen laifuka, aka rubuta su sashe-sashe. Dokar iyali, wadda ita ce ke cika kotuna kowace safiya, aka bar ta inda aka same ta, wato a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, kowane alƙali da iyakar karatunsa da irin fahimtarsa.

Ba ina nufin littattafan nan sun yi wa mace rowa ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci babin ciyarwa ya san abin da ke ciki ya fi abin da ake aikatawa nesa ba kusa ba. A mazhabar Malikiyya, wadda aka yi wa sakin kome tana da ci da sha da tufa da wurin kwana a kan mijin har iddarta ta cika. Wadda aka yi wa sakin da babu kome tana da wurin zama, idan kuma tana da ciki, ciyarwa ta hau kansa har ta haihu. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga ɗakinta a cikin idda, ta kuma hana ta fita. Ragowar sadakin da aka jinkirta bashi ne. Ciyarwar da ya ƙi yi a zaman aure alhali yana da hali ita ma bashi ce, wucewar lokaci ba ya kayar da ita. Riƙon yara na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har a kai ta ɗakin miji, idan kuma uwar ta yi wani aure, riƙon ya koma ga mahaifiyarta kafin a zo kan dangin uba. A duk tsawon wannan lokaci aljihun uba ne ke ɗaukar nauyi. Uwar da aka saka saki yankakke ma tana da ikon neman ladan shayarwa.

To, a gwada wannan da abin da kowa ke gani a unguwarsu. Mace nawa ke yin idda a ɗakinta? Al'ada ta riga ta mayar da zaman idda a gidan miji abin kunya, har a ce da wadda ta zauna ba ta da zuciya. Uban yarinya ma, don kare mutuncinsa, shi ne kan gaba wajen aiko da mota a kwashe kaya. Da fitarta, haƙƙin muhalli ya tafi, na ciyarwa ya bi shi, damar kome da shari'a ta ajiye watannin nan dominta ita ma ta rushe. Dokar hana cin zarafin mutane ta tarayya ta 2015 ta mayar da korar abokin aure daga gida laifi, haka nan watsar da iyali babu abin ci, kuma Kebbi ta karɓi irin wannan doka a 2022. Amma dokar laifi tana aiki ne idan an kai ƙara wurin 'yan sanda, kuma matar da ke fatan a sasanta, ko take tsoron a ce ta ɗaure uban 'ya'yanta, da wuya ta taka wannan hanya.

Akwai wata ƙa'ida a Mukhtasar da ya kamata kowace uwa ta sani, domin rashin saninta na jawo asara mai yawa. Ciyarwar 'ya'ya ta bambanta da ta mata: ita tana faɗuwa da wucewar lokaci, sai fa idan alƙali ya riga ya yanke ta, ko wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi. Hikimar fuƙaha'u ita ce ciyarwar dangi don toshe buƙatar yau aka wajabta ta. Amma sakamakonta a wurinmu shi ne, matar da ta yi haƙuri shekara uku tana tallar ƙuli-ƙuli tana ciyar da yara, tana jin nauyin kai tsohon miji kotu, ranar da tura ta kai bango ta je, za a iya ce mata abin da ya wuce ya wuce. Kawaicin da aka tarbiyyantar da ita a kansa shi ne ya cinye mata haƙƙi. Doka rubutacciya za ta iya toshe wannan da jimla ɗaya: duk abin da uwa ta kashe wa yara daga ranar saki, a ɗauke shi da niyyar a biya ta aka kashe, sai in uban ya kawo hujjar cewa ta yafe.

Idan ma an yanke, nawa ake yankewa? Shari'a ta ɗora ma'aunin a kan halin uba da tsadar gari, wannan kuwa daidai ne. Matsalar ita ce babu wani jadawali da alƙali zai duba, kuma hukuncin da aka yanke ba ya motsi sai an sake shigar da ƙara. A ƙaddara an yanke wa uba naira 10,000 a wata don yara uku a farkon 2023. Kowane yaro ya tashi da kimanin naira 111 a yini. Daga baya aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu na shekarar, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000. Albashin uban ya ƙaru, kuɗin kwanon shinkafa a kasuwa ya ninka, takardar kotu kuwa tana nan da dubu gomanta. Ba sai an zargi alƙali da son kai ba kafin a ga zalunci a nan. Gyaran ba shi da wuya: a yanke ciyarwa da kaso na abin da uba ke samu, ko da ma'aunin hatsi kamar yadda magabata suka riƙa ƙiyastawa da mudu, a kuma wajabta sake dubawa duk shekara ba tare da sabon kuɗin shigar da ƙara ba. Ga ma'aikacin gwamnati, a cire daga tushe kafin albashi ya shiga asusunsa, kamar yadda ake cire bashin banki da kuɗin ƙungiya babu wanda ya ce uffan. Ga manomin fadama, wanda kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara, a ɗaure biyan da lokacin girbi.

Yanzu sai babbar magana, wato dukiyar da aka tara a zaman tare. Asalin hukunci a Musulunci shi ne kowa da aljihunsa: abin miji nasa ne, abin mata nata ne, aure ba ya cakuɗa su. Wannan gata ne babba, matan Ingila ma ba su samu cikakken ikon mallakar dukiyarsu a cikin aure ba sai a 1882. Amma ƙa'idar tana kare wadda dukiyarta ke da suna da shaida ne. A duba yadda gida ke tashi a unguwa irin Gesse. Miji ma'aikaci ne ya samu fili, takardar mallaka da sunansa. Matar malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar jinya, ta ɗauki adashi ta ba shi a sayi bulo, ta sayar da sarƙar zinarenta aka yi rufi, shekara da shekaru albashinta ne ke cefane domin nasa ya tafi ga siminti. Babu rasit, domin wace mace ce za ta ce wa mijinta ya sa hannu? Ran da aka rabu, hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan mai musu. Ita ce mai da'awa, shi ne mai takarda.

Kada a zaci kotunan boko sun fi sauƙi a nan. A shari'ar Amadi da Nwosu ta 1992, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da iƙirarin wata mata cewa tana da rabo a gidan da mijinta ya sayar, saboda ba ta fayyace irin gudummawar da ta bayar da adadinta ba. Ko a kan kayan cikin gida, ƙa'idar Malikiyya ita ce abin da aka san na mata ne a bar wa mace da rantsuwarta, abin da aka san na maza ne, ko wanda ya dace da kowa, a bar wa miji da rantsuwarsa. A zamanin da kayan mace su ne tasoshi da taskira da abin wuya, wannan ya wadatar. Yau firji da injin markaɗe da janareta da tumakin da ke ɗaure a bayan gida, na wa ne a al'ada?

A karkarar Argungu lamarin ya fi fitowa fili. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, shinkafar fadamar Rima ta zama abin alfahari, aka kafa babban kamfanin casa a Argungu a 2017. Ana ƙirga buhuna da sunan maigida. Ba a ƙirga hannun da ya turara shinkafar, ya shanya, ya sheƙe, ya auna wa 'yan sari a tsakar gida, ko wanda ya kwana gaban wuta yana bandar kifin da Sarkawa da Kabawa suka kamo. Kuma a nan fiƙihun da muke taƙama da shi yana tare da matar. Malikiyya sun ɗora wa mace hidimar cikin gida irin su girki da shara gwargwadon al'ada da halin miji, amma sun faɗa a sarari cewa aikin neman kuɗi, irin su kaɗi da saƙa, ba wajibinta ba ne. Idan haka ne, sarrafa amfanin gona don kasuwa aiki ne da ta yi a kan abin da bai hau kanta ba, kuma dukiyar da ta haɓaka da shi akwai guminta a ciki.

Malaman Malikiyya na Maroko sun fuskanci wannan tambaya tun ƙarni na 16. Ibn Ardun, alƙali a yankin duwatsun Gumara, ya yi fatawa cewa matar ƙauye da ke aikin girbi da sussuka tare da mijinta tana da rabo a abin da aka samu. Wannan shi ake kira haƙƙin kaddi da si'aya, wato haƙƙin wahala da fafutuka, kuma an daɗe ana aiki da shi a yankin Sus. Gaskiya ne malaman birnin Fas da dama ba su yarda a mayar da shi hukuncin kowa da kowa ba, sun tsayar da shi ga inda al'ada ta gudana da shi. Amma wannan sharaɗi nasu ai hujja ce a gare mu, domin al'adar matan fadama ta fi kama da ta matan Gumara fiye da ta matan attajiran Fas. Dokar iyali ta Maroko ta 2004 ta ɗauki ruhin wannan a sashe na 49: dukiyar kowa tasa ce, amma ma'aurata na iya rubuta yarjejeniya daban kan abin da za su tara, idan kuma babu, alƙali ya duba aikin kowannensu da wahalar da ya sha wajen bunƙasa dukiyar gidan. Ba rabin dukiya ake ba ta kai tsaye ba, kuma ni ma ba shi nake kira a yi ba. Abin da nake nema shi ne a buɗe wa alƙali ƙofar karɓar shaidar aiki, da shaidar maƙwabta da uwar adashi da bayanan tura kuɗi ta waya, a matsayin hujja.

Sai mutu'ar saki, wato kyautar da miji ke bai wa wadda ya saka don rage mata raɗaɗi (ba ta da alaƙa da auren mutu'a, sunan ne kawai ya zo ɗaya). Aya ta 241 a Suratul Baƙara ta ambace ta. Mashhurin Malikiyya shi ne mustahabbi ce, alƙali ba ya tilasta ta, shi ya sa a ƙasar nan ta zama kamar ba a taɓa saukar da ita ba. Shafi'iyya sun wajabta ta, kuma Alƙurɗubi, wanda shi kansa Bamalike ne, ya rinjayar da wajabcin a tafsirinsa. Masar ta mayar da ita doka, a 1985 ta ƙayyade cewa kada ta gaza ciyarwar shekara biyu ga wadda aka saka ba da yardarta ba kuma ba da laifinta ba. Maroko ta ƙara da wani mataki da nake ganin ya fi kowanne amfani: mai son saki sai ya nemi izinin kotu, a gwada sulhu, in ya faskara a yanke masa jimlar haƙƙoƙin matar da na yara, ya ajiye a kotu cikin kwana 30. In bai ajiye ba, a ɗauka ya janye.

Na san inda za a tare ni. Za a ce saki haƙƙin miji ne, yana aukuwa da furucinsa, babu majalisar da za ta hana shi aukuwa. Na yarda, kuma bai kamata dokar Kebbi ta shiga wannan rigima ba. Sakin ya auku. Abin da hukuma ke da iko a kansa shi ne abin da ke biyo baya: ta wajabta rajistar saki a kotu mafi kusa cikin 'yan kwanaki, a zaman nan guda a rubuta ranar fara idda da inda za a yi ta, da ragowar sadaki, da mutu'a, da ciyarwar yara da wanda zai riƙe su, ta kuma hukunta wanda ya ƙi zuwa. Ƙa'ida ce sananniya a wurin malaman usulu cewa zaɓin shugaba a mas'alar saɓani yana yanke saɓanin. Za a kuma ce talauci ne, mutumin da bai da na yau ina zai samo mutu'a? Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta riga ta amsa, kowa gwargwadon abin da aka hore masa. Amma mai halin da zai haɗa lefen sabuwar amarya wata biyu bayan saki ba zai fake da babu ba.

Hul'i ma yana buƙatar ido. Sau da yawa mijin da ya gaji da aure ba ya saki, sai ya ƙuntata wa matar har ita ta nemi fansar kanta, ya karɓi sadakinsa, wani ma ya jero kuɗin lefe da na gaisuwar iyaye, ko ya sa ta ɗauke masa ciyarwar yara. Malikiyya sun ce idan cutarwa ta tabbata, ko da ta hanyar shaidar ji a bakin maƙwabta ne, alƙali na iya raba auren ba ta biya ko anini ba, in ma ta riga ta biya a mayar mata. Kafin a buɗe bakin ciniki, wajibi ne kotu ta fara tambayar dalilin da ya sa take son fita. Gaggawar kashe shari'a ta hanyar cewa ta mayar masa da abinsa tana mayar da kotu abokiyar aikin mai cutarwa.

Kano ta gwada wannan hanya. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya bayyana shirin kundin dokar iyali, malamai da masana shari'a suka yi aiki a kan daftarinsa tare da Jami'ar Bayero, amma bai zama doka ba, hayaniyar da aka yi kan sharaɗin ƙarin aure ta danne sauran abin da ke ciki. Darasin da Kebbi za ta ɗauka shi ne kada ta ɗauko komai a lokaci ɗaya. A bar batun shekarun aure da ƙarin mata zuwa wani zama, a fara da lissafin bayan saki, inda nassi yake a fili kuma malaman Izala da na ɗariƙu ba su da saɓani mai yawa. Jihar da ke ɗauke da kabarin Abdullahi ɗan Fodiyo, mai Liya'ul Hukkam, ba ta rasa malaman da za su zauna da Alƙalin Alƙalai da Ma'aikatar Shari'a da ƙungiyoyin mata Musulmi su fitar da daftari mai sassa ashirin ko talatin, da Hausa da ajami, wanda mai sayar da fura za ta ji in an karanta mata.

Kafin ma majalisa ta motsa, Alƙalin Alƙalai na iya fitar da umarnin aiki ga kotunan da ke ƙarƙashin kulawarsa a ƙananan hukumomi 21, a samar da takarda iri ɗaya da kowane alƙali zai cike a duk shari'ar rabuwa, ko matar ta roƙa ko ba ta roƙa ba. Gwamnatocin Arewa kuma, tun daga Kano a 2012, sun saba ware kuɗi don aurar da zawarawa, a saya musu gado da katifa a biya sadaki. Wani kaso na irin wannan kuɗi zai iya kafa asusun da zai riƙa biyan uwa ciyarwar da kotu ta yanke idan uba ya noƙe, sannan hukuma ta bi shi bashin da kanta, kamar yadda Tunisiya ta yi tun 1993, Masar kuma ta bi baya a 2004 ta hannun Bankin Nasir. Hukumar da ke biyan albashi kuma take ba da takardar fili da takin zamani ta fi bazawara sanin inda za ta kama shi.